Kafin Ka Zuba Harsashi a Bakin Mada

Kafanchan,
Alhamis da hantsi.

Ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka cikin sunan Mai Cetonmu, wanda ya riƙe ka tun kana ciki har ka zama mai gemu da iyali. Ina roƙonsa ya share muku hanya ranar Asabar, kai da matarka Rahila da 'yar jikata Kuyet, ya tsare ku daga direba mai gaggawa da taya mai fashewa, ya sauke ku lafiya a wurin sabon aikinka, ya kuma haɗa ku da maƙwabta masu tsoron Allah. Amin.

Za ka yi mamaki uwar da kuke gida ɗaya da ita ta rubuto maka wasiƙa. Dalilin ba shi da nisa. In na yi maka magana da baki sai ka ce, "Mama, na ji," alhali babban yatsanka yana ta yawo a kan waya. Takarda kuwa ba ta gajiya da jira. Zan cusa ta a cikin buhun accar da na ɗaure muku, don na san ko me ka manta da shi, ba za ka manta da abinci ba.

Maganar fulotin nan ce da ka saya a bakin kogin Mada, can ƙasan Akwanga, wanda ka ce za ka yi ɗaki biyu da falo a kai ku tare kafin ruwa ya sauka. A kansa ne kai da babanka kuka ɗaga murya ranar Lahadi bayan sujada, har ya buga tebur, kai kuma ka ɗauki makullin mashin ka fice, tun daga ranar kuma ba wanda ya ce wa wani ci kanka. Ni ba zan buga tebur ba, hannuna ba shi da wannan ƙarfin. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka zuba harsashi a wurin nan, kada ka kai iyalinka su kwana a can, sai ka ga wurin da idonka a tsakiyar damina. Duk abin da zan rubuta bayan wannan dalili ne kawai.

Ka ce mana ba mu san Mada ba. Gaskiyarka, ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar mota a kan gada. Amma wani sashe na ruwan da ke cikinsa daga bayan bukkar kakata ya taso, kuma na san shi tun bai isa a wanke ƙwarya a cikinsa ba. Ka yi haƙuri in bi da kai daga sama, yadda ruwan da kansa yake bi.

Ina yarinya, kakata tana zaune a kan dutsen Kagoro. Ta ƙi saukowa lokacin da sauran dangi suka sauko ƙasa, wai iskar ƙasa tana sa ta ciwon kai. Saboda haka duk hutun makaranta ni ake aikawa in kai mata gishiri da manja da kananzir. Hawan nan ba wasa ba ne, kana tafiya kana kama saiwoyi, birai suna zaginka daga sama, kwalbar kananzir tana bugun bayanka. A bayan bukkarta akwai wani ƙaton dutse da ya jingina da ɗan'uwansa, a ƙarƙashinsu ruwa yana tsattsafowa daga cikin yashi, da sanyin da ke sa haƙori tsami. Shi ne idon rafinmu. Da tafin hannu ɗaya nake tare shi. In tare, in saki, in sake tarewa, ina jin ni ma wata ce. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye na wurin, ina jin muryar tsohuwa tana kirana da sunan gida wanda ba sauran mai kirana da shi a duniya. Ina kewarta ƙwarai, Ishaya, ina kewar wurin, gwiwoyina kuma sun riga sun gaya mini ba zan sake hawa ba.

Kuskurena na farko daga can na sauko da shi, wato raini. Na taɓa tare rafin da hannu, don haka ko da ya girma a ƙasa, a idona yaron nan ne na bayan bukka. Kakanka, wato babana, ya yi ƙoƙarin cire mini wannan. Wata rana ya hau da ni har ƙololuwa, inda ake hango duniya gaba da baya. Ya nuna mini wajen Zangon Kataf ya ce ruwan da ya sauka ta can, Kaduna yake nufa, ba ruwanmu da shi. Wanda ya sauka ta wannan gefen kuwa, duk namu ne, ko muna so ko ba mu so. Sai ya buga falalen dutsen da sandarsa ya ce in nemo masa inda ruwa zai shige. Na duba, babu. Ya ce in ruwa ya sauka a gona, ƙasa takan sha nata tukuna kafin ta ba rafi saura, amma dutse ba ya shan komai, abin da ya sauka duka yake turowa, kuma a lokaci ɗaya, cikin 'yan kwazazzabai masu ƙunci. Na ce masa na gane, alhali hankalina yana kan ɗinyar da na cika aljihu da ita. Kai ma na ga irin wannan "na gane" a fuskarka ranar Lahadi, shi ya sa na san daga ina ka gado shi.

Daga gindin dutse rafin yakan ratsa ta tsakanin gonaki, ya zo wani faffaɗan falale da muke kira Dutsen Mata. Nan ake wanki, nan ake gulma, nan ake sanin wace ce za ta yi aure kafin iyayenta su sani. Farkon wata damina, ina budurwa, mamata ta dafa kalwar da ta tara ta shekara guda, ta ba mu ni da ƙawata Talatu mu je mu wanke mu cire ɓawo, don a yi daddawa. Rana tana dukan ƙeya, ba alamar hadari a kanmu. Na wanke zanena mai kyau, wanda ba ni da na biyunsa, na shanya a kan dutsen tsakiyar ruwa. Sai ga babana zai wuce gona, ya tsaya ya ɗaga kai sama, ya yi mini magana da irin Hausarsa ta mutumin dutse, wadda ba ta raba mace da namiji.

"Kai Saratu, ka duba dutse. Ruwa yana can sama. Kwashe kaya ka fita."

Na duba. Akwai wani baƙin gajimare da ya zauna a kan dutsen, can nesa. Na ce, "Baba, rana fa ake yi." Ya ce ya faɗa mini, ya wuce. Ni da Talatu muka yi ta dariya muna kwaikwayon muryarsa.

Ga yadda yake zuwa, ka riƙe wannan. Da farko ruwan da ke ƙafarka zai ƙara sanyi. Sai launinsa ya juya ya zama kamar kunun tsamiya. Sai ka ga ganye da ƙiraruwa suna wucewa, irin waɗanda ba na itatuwan kusa ba. Duk na ga waɗannan, na ci gaba da murza kalwa. Sai da muka ji ƙara daga sama, irin ta jirgin ƙasa in ya doso tasha, sannan Talatu ta fizgi hannuna muka yi tudu. Da muka waiwaya babu Dutsen Mata, babu kwanduna, babu kalwa, babu zanena, sai jan ruwa yana birgima da kututture. Da ɗan siket na ciki na koma gida ina rakuɓe-rakuɓe ta bayan dangogi. Mamata ba ta doke ni ba. Shekarar nan kullum in an zuba miya sai ta ɗanɗana, ta dube ni, ta ce, "Da akwai daddawa." Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Talatu ta rasu shekarun baya, Allah ya ba ta hutawa, amma har ta tsufa in mun haɗu a taron zumuntar mata sai ta tambaye ni ko zanen ya bushe.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ruwan da ke cutar mutumin bakin rafi ba a kansa yake sauka ba. Ni ina iya ganin dutsen, na ƙi dubawa. Kai a bakin Mada ko ka duba ba za ka gan shi ba. Za a yi ruwa a kanmu a nan, kai kana can kana shanya kaya cikin rana. Ka ce zan iya kiranka a waya in gaya maka. Ka san yadda layin wayarmu yake yi da zarar hadari ya haɗu.

Daga Dutsen Mata rafinmu yakan haɗu da 'yan'uwansa da suka sauko ta wasu kwazazzaban, su zama kogi guda, su je su faɗo daga kan dutse a Matsirga. Ka sha zuwa can da abokanka ɗaukar hoto, ba sai na kwatanta maka ba. Abin da ba ka sani ba shi ne, a can babanka ya fara nemana, in za a kira abin da ya yi nema. Lokacin yana sabon ma'aikacin reluwe, ni kuma na gama kwalejin horon malamai. Washegarin Kirsimeti ya goya ni a keke, ya sa wani wando mai faɗin ƙafa wanda yake ji da shi kamar ransa. Ruwan ya ragu, yana zubowa kashi-kashi, fari tas, har muka zaga ta bayansa muka zauna cikin kogo, feshi yana taɓa mu. Na zauna ina jira ya yi magana. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya ce wai ruwan nan yana da kyau. Da zai tashi santsi ya ɗebe shi, ya faɗa tafkin da wandonsa da takalminsa. Yana fitowa yana ɗiga, bai ko share fuska ba, ya ce, "Saratu, zan aiko mutanena." Na yi dariya har cikina ya ƙulle, na kuma amsa. Wannan mutumin da kake gani yana buga tebur, haka yake, maganar da ta fi damunsa ita ce ba ya iya faɗa sai ya jiƙe.

Na koma Matsirga a watan Agusta na shekarar da ta biyo, na kai ƙannena su gani. Ba mu iya matsawa kusa ba. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, ruwan ya haɗe ya zama bango ɗaya ja wur, kogon da muka zauna ba a ko ganin bakinsa. Da idona na gani. Amma da yake na Kirsimeti ne ya yi mini daɗi, shi na ajiye a raina a matsayin kogin gaskiya, na ɗauki na Agusta baƙo ne mai wucewa. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma na juya abin ne a baibai. Na Agusta shi ne mai wurin, na rani saura ne kawai. Kai a watan Fabrairu aka kai ka ganin fulotinka.

Bayan Matsirga kogin yakan huce. Ya sami shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya riƙa tafiya a hankali yana lanƙwashe-lanƙwashe ta cikin fadamun rake da gwaza da shinkafa. A wani gurbi nasa aka yi mini baftisma, mata suna waƙa a kan gaɓa da tukwanen kiɗa, kai ma a can aka yi maka. Wanda ya gan shi a nan zai rantse ba ya iya kashe ko kaza. Amma a nan ne yake aikinsa na ɓoye. A kowace kwana yana cin gaɓar waje, yana zuba yashi a gaɓar ciki. Shekaru suna tafiya sai ya yanke hanya ya bi sabuwa, ya bar tsohuwar. Ciyawa ta rufe ta, wani ya dasa mangwaro, mangwaron ya girma, sai a wayi gari wani ya kafa fegi ya ce fili ne na sayarwa.

Irin wannan filin na zaɓa mana bayan aurenmu. Ni na zaɓa, ka ji da kyau, ba babanka ba. Na tashi da tulu a kai, na hau tudu da ruwa har wuyana ya kusa shigewa ƙirji, don haka na yi wa kaina alkawari gidana zai zama kusa da ruwa. Aka kai mu da rani. Ga inuwar mangwaro, ga yashi fari a ƙofar gida ba sai an sayo ba, ga kogi yana wucewa can ƙasa kamar ba ruwansa da kowa. Mai filin ya ce tun yana yaro ruwa bai taɓa hawowa nan ba. Babanka ya zaga wurin, ya tsaya a wata doguwar ƙwarya, wato ɗan kwari, da ta bi ta bayan filin, ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Saratu, mu bari Agusta ya zo mu ga wurin tukuna." Na yi tsalle na dire. Na ce kafin Agusta wani ya saye, na ce shi dai komai sai ya ja, na ce ko so yake in tsufa a gidan haya na reluwe ina jin tarin maƙwabta ta bango. Na yi fushi, na daina yi masa fate da yakuwa yadda yake so. Mutumin kirki, ya gaji ya bar ni. Ban tambayi kowa a unguwar ba sai mai sayarwa, don ba na son jin abin da zai ɓata mini rai.

Muka gina ɗaki biyu da tubalin ƙasa, aka shafe da siminti, aka rufa da kwano. Damina ta farko lafiya, ta biyu ma lafiya. Nakan tsokane shi in ce, "Ina Agustan naka?" Doguwar ƙwaryar nan ta bayan gida na cika ta da gwaza, tana kuwa yi kamar hauka, ban tambayi kaina me ya sa wurin ba ya bushewa ba. Na ji daɗin gidan nan, ba zan ɓoye ba. A can na haife ka. Da yamma nakan zauna a ƙofa ina gyaran littattafan 'yan makaranta, kana kan cinyata, balbelu suna komawa gida ta saman ruwa.

A damina ta uku, lokacin dogon hutu, kana rarrafe. Wata rana da azahar, rana tana haske, ka yi barci a kan tabarma a ƙasa. Na ce bari in haura tudu wurin injin niƙa da 'yar masarata in dawo kafin ka farka. Na ja ƙofa na tafi. Na tarar da layi, na tsaya hira. Da na juyo zan gangara, sai na ga ruwa tsakanina da gidana. Ba ta gaba ya zo ba, inda kullum nake leƙawa. Ta baya ya zo, ta cikin gwazata, ya koma tsohuwar hanyarsa, gidan ya zama tsibiri. Ruwan yana gudu da itatuwa da dangar wani da akuya. Na yar da garin na nufi ciki, matan unguwa suka danne ni a ƙasa, ina ihu ina cizon hannuwansu.

Babanka yana dawowa daga tasha cin abincin rana. Ya jefar da keke bai tambayi kowa komai ba. Ya ruga can sama da gidan, ya shiga kogin, ya bar ruwan ya kwaso shi a karkace har ya cafki reshen mangwaro, ya shiga ta taga. Ya tarar ruwa ya riga ya shigo, tabarmar ta fara motsi, kana kai kana kuka. Ya saka ka a bahon wanki ya ɗora a kai. Dawowa ba ta yiwuwa, sai ya hau mangwaron da kai ya zauna a cikin rassa. Ina tsaye a tudu ina kallo bangon ɗakin da kake kwance ya jiƙe, ya durƙusa, ya narke, kwanon rufi ya zame ya bi ruwa. Sai da la'asar ta yi sanyi ruwan ya ja, maza suka shiga da igiya suka fito da ku. Tabon nan na ƙwaurinsa da yake ce muku na aikin reluwe ne, kwanon rufinmu ne ya yanke shi a cikin ruwa. Har yau bai taɓa ce mini "ai na gaya miki" ba, ko sau ɗaya, ko cikin faɗa.

Ka san labarin, amma ka san shi ne a matsayin abin dariya. Dangi suna kiranka Ɗan Baho, kai ma kana dariya, ni ce kuma na mai da shi haka, don in ba dariya na yi ba, ba na iya ba da shi. Wannan ma kuskure ne. Da na ba ka shi yadda ya faru tun kana saurayi, da ranar Lahadi ka gane mutumin da ke buga tebur ba raina iliminka yake yi ba. Kai yake gani a cikin baho, yanzu kuma Kuyet yake gani.

To, wancan kogin da ya cinye mana gida, ƙarami ne a kan naka. Daga nan yakan gangara ya shiga kogin Kogum, ya bi ta cikin kurmi yana karɓar ruwa dama da hagu. Rafukan da ke saukowa ta wajen Gidan Waya da duwatsun da ke bayanta, su ma can suka nufa. Kafin a kira shi Mada ya riga ya tara ruwan duwatsu masu yawa waɗanda ni ma ban san sunansu ba, yana ɗauke da shi zuwa Binuwai. Duk wannan ta ƙofar fulotinka zai wuce.

Ka nuna mana hoto a waya kana murna. Ka ce, "Mama, ejan ɗin da ya sayar mini ya ce ruwa bai taɓa kai wurin ba. Ga yashi, ga tsakuwa, duk kyauta, ba sai na kira tifa ba." Na sa tabarau na duba tsakuwar. Zagayayyu ne, masu santsi, irin waɗanda muke wasan 'yar carafke da su a Dutsen Mata. Dutse ba ya yin santsi haka sai ya yi doguwar tafiya cikin ruwa, kuma ba mota ce ta kai su tsakiyar filinka ba. Ban ce ejan ɗin maƙaryaci ne ba, mai filinmu ma wataƙila iya abin da ya gani ya faɗa. Amma mai sayarwa ba shi ake tambaya ba.

In ka isa, ka je wurin kai kaɗai, ba tare da shi ba. Ka ɗaga kai ka duba rassan itatuwa, in ka ga busasshiyar ciyawa da leda sun maƙale sama da tsayinka, ba iska ce ta rataye su ba. Ka duba bangon gidajen da ke kusa ko akwai layin da launi ya canza. Ka zaga ta bayan filin, ba ta gaba kaɗai ba, ka ga ko akwai wata doguwar ƙwarya mai ɗanyar ciyawa da rani. Ka lura da inda 'yan asalin garin suka gina majami'arsu da masallacinsu, da inda suke binne matattunsu, don ba sa kai waɗannan inda ruwa ke zuwa. Ka sayi rake ko tumatir a wurin matan da ke noman rani a gaɓar, ka zauna ka ci, ka tambaye su wane wata suke kwashe kayansu, kuma har ina suke gudu. Ko duk wannan ya yi kyau, ka tuna namu sai a damina ta uku ya zo, don haka ka nemi tsoho ka tambaye shi babban ruwan da ya taɓa gani, har ina ya tsaya.

Sai maganar Rahila. Jiya muna tsince acca a kicin na tambaye ta ra'ayinta. Sai ta ce, "Mama, ni dai tsoro nake ji, amma kar ki gaya masa, ya riga ya sa rai." Ga shi na gaya maka, ni na karya alkawari, kada ka kuskura ka yi mata faɗa. Na san yadda sa rai yake. Ka gaji da zama a gidan ubanka da mata da 'ya, kana son ƙofar da kai ne mai makullinta, kuma ba abin kunya ba ne, ni ma abin da ya ja ni ke nan. Amma in wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ya ce a dakata, ka dakata. Ni na yi nasara a gardamata da babanka, ka kuma ji abin da nasarar ta jawo.

Ka kama ɗakin haya a cikin gari, a kan tudu, ko da ƙarami ne, ko da za ka ji tarin maƙwabta ta bango. Filin ba zai gudu ba. In Agusta ya yi, bayan an kwana biyu ana ruwa, ka je ka tsaya a kai, ka koma kuma a Satumba. In ka tarar da shi a bushe, ka kira ni, ni da kaina zan zo in dafa wa magina abinci, in kuma ba ka haƙuri a gaban matarka.

In kuwa ka karanta duk wannan ka ce sai ka yi, ba ni da igiyar da zan ɗaure ka. Kai magidanci ne, Rahila kuma babba ce, tana da bakin magana da ƙafar gudu. Kuyet ba ta da su. Ita ba ta sayi fili ba, ba ta yi gardama da kowa ba, kuma tana barcin rana kamar yadda kake yi. Ka bar mana ita har ruwa ya ɗauke. Ban gaya wa babanka zan roƙe ka wannan ba, amma yau da safe na tarar ya fito da ƙaramin gadonka daga sito, ya zauna a tsakar gida yana buga masa ƙusa. Na tambaye shi na wane ne, ya ce shi dai ya ga ƙafar ta karye ne. Kada ka shiga mota ranar Asabar ba ka durƙusa ka gaishe shi ba, ko da ya juya maka baya.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Ya sa albarka a aikin hannunka, ya ba ka kunnen ji, ya ba Rahila ƙarfin zuciya, ya raya mini Kuyet. Ya tsare ku a kan hanya da kan tudu da bakin ruwa, ya dawo mini da ku cikin wannan gida da ƙafafunku, ba wanda ya ragu. Amin.

Ni ce uwarka,
Saratu.